Kebul ko Iska: Ta Wace Hanya Intanet Zai Zauna a Gatawa?

A watan Satumba na 2021 aka katse sabis ɗin wayar hannu a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, makonni kaɗan bayan an yi haka a faɗin Zamfara. Sabon Birni da Isa suna cikin waɗanda abin ya shafa. Dalilin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta bayar shi ne a toshe hanyar da 'yan bindiga ke magana da masu kai musu rahoto. Abin da ya biyo baya kuwa, duk wanda ke zaune a gabashin Sakkwato ya gani da idonsa. Mai POS ya naɗe tabarmarsa, ɗan ci-rani da ke Legas ya rasa yadda zai ji lafiyar gida, mutanen bakin iyaka suka koma sayen layukan Nijar suna neman tudun da sabis zai kama. Su ma mutanen dajin haka suka yi. Bayan harin kasuwar Goronyo a watan Oktoba, wanda ya ci rayuka fiye da 40, gwamnan da kansa ya nemi a dawo da sabis, saboda waɗanda ake son a kare ba su da yadda za su yi kiran neman agaji.

Tun daga wannan lokaci, maganar sadarwa a ƙasar Gobir ta tashi daga hirar samari masu son kallon ƙwallo a waya. Asibitin gari yana buƙatar aika bayanan rigakafi da na masu juna biyu. Makarantar sakandare tana buƙatar yi wa ɗalibai rajistar WAEC da NECO da JAMB. Mai shagon rajista yana buƙatar lambar NIN ta buɗu kafin mutumin da ya taso tun asuba ya gaji ya koma ƙauyensu. Idan wata ma'aikata a gari irin Gatawa ta sami kuɗin kafa intanet nata na kanta, ko daga gwamnati, ko daga wata ƙungiya, ko daga ɗan gari mai hali, sai masu sana'ar haɗa intanet su rabu gida biyu. Wasu su ce a fasa bango a ja kebul, a yi aiki mai tushe. Wasu su ce a wurin da ba a da tabbacin gobe, a bar komai ya bi iska.

Gara a fara da abin da ba a gardama a kansa. Kowane ɓangare ya yarda sai da rauta. Rauta a ma'aikata kamar zaure take a gida: duk abin da zai shiga ko zai fita ta nan zai bi, a nan ake tantance baƙo, a nan ake nuna masa ɗakin da zai nufa. Ba ƙaramar nan ta aljihu da ake sa wa sim ake nufi ba. Ana nufin babba, irin ta Cisco ko Huawei ko MikroTik, wadda ake ɗaurewa da sukurori cikin akwatin ƙarfe mai faɗin inci 19 a jikin bango. Tana da ramin da intanet ke shigowa daga kamfani, da ramukan da ke kai shi ga suwic, wanda shi kuma ke rarraba wa kwamfutoci. Tana iya raba hanyar bayanan marasa lafiya da hanyar masu ziyara, tana iya karɓar intanet daga kamfani biyu, in ɗaya ya faɗi ta juya ga ɗayan. Gardamar tana kan abin da ke bayanta da abin da ke gabanta: yadda za ta sadu da kwamfutocin cikin gida, da yadda za ta sadu da duniya.

Masu goyon bayan kebul suna da shaida mai nauyi, kuma ba daga Turai suka ɗauko ta ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma cibiyar da take son a amince da ita sai ta tanadi kujeru 250, kowace kwamfuta haɗe da kebul. Hukumar ba ta yarda a rubuta jarrabawa a kan Wi-Fi ba. Dalilin a fili yake. A kebul, kowace kwamfuta tana da hanyarta ita kaɗai zuwa suwic. A Wi-Fi kuwa duk na'urorin ɗakin suna rabon sarari ɗaya ne, wannan ta yi magana waccan ta jira, kuma yawansu shi ne yawan jiran. Mutum biyar ba za su lura ba. Mutum hamsin da suka danna a lokaci ɗaya za su lura. Don haka duk makarantar da ke mafarkin wata rana yaran Sabon Birni da Isa su rubuta jarrabawa kusa da gida, maimakon su bi hanya mai haɗari zuwa wani gari, ba ta da zaɓi: sai ta ja kebul.

Sannan ga irin gininmu. Bangon ƙasa mai kauri da ke sa ɗaki ya yi sanyi da bazara, shi ne ke cinye siginar Wi-Fi, rufin kwano kuma yana mayar da ita baya. Wadda ke tafiya a kan 5 GHz ta fi sauri amma ta fi saurin mutuwa a jikin bango, ta 2.4 GHz ta fi ratsawa amma ta fi cunkoso. Abin haushin shi ne siginar da ta kasa kai wa ɗakin magani takan tsallake taga ta kai bakin titi. Lambar sirrin da aka ba ma'aikaci ɗaya da safe, kafin la'asar ta zaga majalisu uku, data ɗin wata guda ta ƙare a mako. A garin da kowa ke zargin akwai masu kai rahoto daji, intanet ɗin asibiti da kowa ke iya kamawa daga bayan katanga abin tsoro ne, ba asarar data kaɗai ba. Kebul kuwa sai wanda ya shigo ɗaki ya jona.

Akwai wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Kebul ɗin zamani yana ɗaukar bayanai da wuta a lokaci guda, abin da ake kira PoE. Kyamarar tsaro a bakin ƙofa, ko na'urar Wi-Fi da ke manne a silin, ba sai an ja mata wayar wuta daban ba, daga suwic za ta sha, wat 15 ko 30 gwargwadon irinta. Ke nan batura da inbata suna ɗaki ɗaya mai kwaɗo, ba a warwatse ba.

Wanda bai taɓa tsayawa kan mai haɗa kan kebul ba zai ɗauka aikin injiniyan jami'a ne. Ba haka ba ne, aikin natsuwa ne da ido. Yaro zai fere rigar kebul ɗin kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, sai ga ƙananan wayoyi takwas, biyu-biyu a murɗe. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke hana hayaniyar wutar lantarki ta ɓata saƙo, shi ya sa ba a warware shi fiye da milimita 13. Zai miƙar da su tsakanin babban yatsa da manuni, ya jera su bisa ƙa'ida: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, sannan ƙasa-ƙasa. Ya datse bakinsu su yi daidai, ya tura cikin ɗan kan roba mai haske har ya hango tagullar kowace a ƙarshe, ya sa filaya ya matse, ka ji ƙas. Sai ya jona testa, fitilu takwas su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya. In ta huɗu ta yi tsalle, ya yanke ya sake. Ba a wuce mita 100 daga suwic zuwa kwamfuta, ba a lanƙwasa kebul kamar igiyar guga, ba a kwantar da shi bututu ɗaya da wayar wuta, kuma kowane bakinsa sai an manna masa lamba. Masu kebul suna cewa aikin da aka yi haka yakan shekara goma ba a taɓa shi ba, alhali na'urorin Wi-Fi suna tsufa kowace shekara kaɗan.

Duk wannan gaskiya ne, in ji ɗaya ɓangaren, amma gaskiyar Abuja ce da Kano. Tambayarsu ta farko ita ce: wa zai zo ya yi aikin? A ƙarshen watan Yuli na 2024 aka tare motar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Kwanar Maharba, yana komowa daga Sakkwato. Ya yi makonni a hannun waɗanda suka ɗauke shi, a watan Agusta labarin rasuwarsa ya fito. Allah ya jiƙansa. Wannan hanyar ce ɗan kwangila zai bi da kwalayen kebul da akwatin ƙarfe da yaransa, ya kwana a gari mako guda kowa na ganinsa, sannan ya sake bin ta. Hanyar Isa ta dajin Gundumi kuwa an san shekarun da ta yi direbobi na gudunta. Idan hakimi da rawaninsa bai tsira ba, da wane baki za a ce wa baƙo ya zo ya fasa bango? In ma ya yarda, kuɗin kasadarsa zai shiga lissafi, kuma ranar da abu ya lalace ba zai dawo ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ciwo. A yankin da gari kan watse cikin dare ɗaya, mutane su tsallaka zuwa Gidan Rumji ko wasu garuruwan jihar Maraɗi, dukiyar da aka binne a bango ba ta gudu. Faifan Starlink, mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam, da ƙaramar rautarsa suna shiga kwali ɗaya, a ɗaure bayan babur. Ma'aikacin lafiya zai iya kwance shi cikin minti kaɗan ya tafi da shi inda mutanensa suka koma, ya kafa, aiki ya ci gaba. Kebul kuwa zai zauna ya jira masu farfasa gini su zare shi su ƙona robar su sayar da tagullar wa 'yan gwangwan. Ko lafiya lau ake zaune, ɓera na son robar kebul a silin, gara na bin bututun da ba a toshe bakinsa ba, kuma duk wanda ya zo gyaran rufi sai ya taka wani abu.

Ga kuma ha'incin kasuwa. Kwalin kebul mita 305 ne, kuma da yawa daga waɗanda ake sayarwa da araha ba tagulla ba ce zalla, alminiyam ne aka shafa wa tagulla a bayansa. In ka kankare da wuƙa za ka ga fari a ciki. Irin wannan yana karyewa, yana zafi in an ɗora masa wuta, kuma ba ya kai nisan da aka rubuta. Shugaban makarantar da bai san wannan ba zai sa hannu a takardar kammala aiki, bayan damina ɗaya rabin ɗakin ya mutu. Masu iska suna cewa aƙalla na'urar Wi-Fi in jabu ce ranar farko za ka gane.

Idan aka fita daga harabar ma'aikata zuwa hanyar da za ta kawo intanet garin, nan masu iska suka fi ƙarfi. Kowa ya san faiba ta fi komai: silin gilashi ne mai ɗaukar haske, yana tafiyar kilomita da dama ba tare da ya gaji ba, ba shi da tagullar da ɓarawo zai sayar. Gwamnatin tarayya tana maganar shimfiɗa kilomita 90,000 a ƙarƙashin ma'aikatar sadarwa, kuma tun 2020 gwamnoni suka amince a kan naira 145 kuɗin izinin haƙa kowace mita, ko da yake ba kowace jiha ta bi ba. Amma alƙaluman hukumar sadarwa ta NCC sun nuna an yanke faiba fiye da sau 50,000 a Najeriya a 2024 kaɗai, wajen 30,000 daga ciki masu aikin hanya ne suka yanke. Wannan a wuraren da motar gyara ke iya zuwa ne. Wa zai haƙa rami daga Goronyo zuwa Sabon Birni, wa zai tsaya da na'urar haɗa faiba a tsakiyar daji ranar da ta tsinke? A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar da ta sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, amma wanda ba ya tsoron kashe mutum ba takardar doka za ta hana shi kwashe baturan turken sabis ba. Ko manyan kebul na ƙarƙashin teku ba su tsira ba: ranar 14 ga Maris 2024 guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni a Najeriya suka yi kwanaki suna rarrafe. Starlink kuwa, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, taurarinsa suna shawagi a nisan kilomita 550 ko kusa da haka, ba kilomita 35,786 na tsofaffin taurarin sadarwa ba, don haka amsa ba ta jinkiri. Abin da yake bukata kawai sararin sama, kuma wannan Gobir ba ta rasa shi ba.

Irin hirar da akan ji ke nan idan an zo yanke shawara. Dattijon da ke riƙe da kuɗin kwamiti zai ce wa yaron da ke haɗa kebul:

"Ɗana, mi za ya sa mu fasa bangon da muka sha wuya muka gina, ga abin da ake ɗorawa bisa rufi ya yi aiki yau-yau?"

Yaron ya rusuna ya ce: "Baba, wanda ke bisa rufin ma da wayarsa yake zuwa. Sai mun huda bangon dai."

Yaron ya fi gaskiya a nan, kuma daga nan ne hujjar masu iska ta fara tsagewa. Faifan tauraron ɗan'adam da kebul yake sauka daga rufi zuwa ɗaki. Turken sabis da wayar hannu ke kamawa, ko faiba ke ciyar da shi ko wani faranti da ke kallon wani turken, kuma duk cikinsa wayoyi ne. Na'urar Wi-Fi da za ta yi aiki a ɗakin haihuwa, can ƙarshen gini, sai an ja mata kebul daga suwic, in ba haka ba sai dai a riƙa jera masu maimaita sigina, kowanne yana rage saurin na gabansa. Wanda ya ce ya guje wa kebul, yawanci abin da ya yi shi ne ya ja shi da ganganci: ta taga, a kan ƙusa, rana na dukansa.

Sannan iskar ba kyauta ba ce, kuma ba kai ke da ita ba. Kebul sau ɗaya ake saye, kuɗin wata kuwa ba ya ƙarewa, kuma farashinsa yana bin dala. A watan Oktoba na 2024 Starlink ya sanar da ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000, sai da hukumar NCC ta ce ba da izininta ba aka dakata. A Janairun 2025 hukumar ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari. Mun sha ganin ɗakin kwamfuta da aka buɗe da kaɗe-kaɗe da yanka kintinkiri, kuɗin shekara ɗaya da mai bayarwa ya biya ya ƙare, aka rufe ƙofa, gizo-gizo ya gaji wurin. Inda aka ja kebul, ko intanet ya yanke, kwamfutocin suna magana da juna: ɗalibai za su iya gwajin jarrabawa daga uwar kwamfuta ta cikin gida, asibiti zai iya duba katin mara lafiya, a aika bayanan in sabis ya dawo.

Masu cewa tauraron ɗan'adam zai tsare su daga irin katsewar 2021 su ma su sake tunani. Starlink da lasisin NCC yake aiki a Najeriya, kuma mai lasisi yana bin umarnin wanda ya ba shi. Haka nan farin faifai a kan rufi ba ya ɓuya. An sha jin rahoton kama irinsa a hannun masu ɗauke da makamai a yankin Sahel, don haka jami'in tsaro na iya kallonsa da zargi, ɗan bindiga kuma ya kalle shi da kwaɗayi. Abin da ke shiga kwali ɗaya a bayan babur ɗinka, yana shiga a bayan babur ɗin wani.

Wani abin da na lura da shi shi ne ɓangarorin biyu sukan ƙare gardamarsu ba su taɓo abin da ya fi kashe na'ura a ƙasarmu ba. Yawancin manyan rautoci an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A watan Afrilu da Mayu, inuwar Sakkwato kanta tana wuce haka, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin, balle cikin akwatin ƙarfe a rufe. Da hunturu kuma ƙurar da ke shiga ko'ina tana toshe fankar na'ura ta lulluɓe cikinta. Baturan ruwa, waɗanda aka auna ƙarfinsu a digiri 25, rayuwarsu na raguwa da kusan rabi duk ƙarin digiri goma. Wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce a wannan yanki tun kafin a yi maganar watan Oktoba na 2024, lokacin da mafi yawan Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Don haka sola ce uwar aikin, kuma a nan ma lissafi na ɓangaren kebul ne: rauta da suwic na ƙaramar ma'aikata ba su da ci, faifan Starlink na gama-gari kuwa yana jan wat 75 zuwa 100, dare da rana.

Sai tsawa. Farkon damina a ƙasar Gobir da ita yake zuwa, kuma ba ta tambayar ko kai mai kebul ne ko mai iska. Ƙarfen da aka kafa bisa rufi yana kiranta, kebul ɗin tagulla da aka ja a sarari daga wannan gini zuwa wancan yana kai ta har cikin suwic. Maganin sananne ne, kuma shi ne abin da ɗan kwangila ya fi saurin tsallakewa saboda ba a ganinsa a hoton buɗe aiki: a kafa sandar tagulla cikin ƙasa mai danshi, a ja wayar ƙasa mai kauri daga ita zuwa akwatin ƙarfe da jikin rauta, a sa na'urar kare tsawa a kan duk kebul ɗin da ya shigo daga waje. Tsakanin gini da gini kuwa, ko a binne gajeriyar faiba, wadda ba ta ɗaukar wuta, ko a haɗa da ƙananan faranti biyu masu kallon juna. A ƙasar da ke bushewa ƙaƙas wata bakwai, ramin sandar nan sai an kula da shi, ba a kafa a manta ba.

A nawa ganin, masu iska sun ci gardamar hanya, masu kebul sun ci gardamar gida, kuma ta gidan ta fi muhimmanci saboda ita ce ke hannunmu. Ba wanda zai jira faiba ta iso Gatawa kafin asibiti ya aika bayanan rigakafi. A yanzu intanet ta sama zai zo, kuma bai kamata ya zo ta ƙofa ɗaya ba: a sayi rauta mai karɓar hanya biyu, ɗaya ta tauraron ɗan'adam, ɗaya ta sim, don ranar da ɗaya ta yi shiru. Amma daga rauta zuwa ciki, duk abin da ba ya motsi, kwamfutar tebur ce, firinta ce, kyamara ce, a ja masa kebul na tagulla zalla cikin bututu, a bar Wi-Fi ga wayoyin hannu, a hanyar da aka ware musu. Hujjar cewa gari na iya watsewa hujja ce ta gaske, ban raina ta ba. Sai dai idan aka bi ta har ƙarshe, ba kebul kaɗai za a fasa ja ba, har azuzuwa da rijiyoyi za a daina ginawa, kuma mutanen da suka riƙe ƙasar nan tun kafin faɗuwar Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, a 1808 ba su yanke wannan shawarar ba. Kebul ɗin ma shi ne mafi arha a cikin kayan. Masu tsadar, wato rauta da suwic da faifai, sukurori kaɗan ne ke riƙe da su, ana iya kwance su a ɓoye.

Hujja ɗaya ta masu iska ce ta rage da ƙarfinta, wato wa zai yi aikin, wa zai gyara. Amsarta ba ta cikin zaɓen na'ura. Matasan da ke gyaran waya a kasuwar Sabon Birni da ta Isa, masu canza gilashi da liƙa ƙananan wayoyi a ƙarƙashin fitila, hannunsu ya riga ya iya abin da ya fi haɗa kan kebul wuya. Masu kafa sola a garuruwan nan sun riga sun san batir da inbata. Abin da ya rage musu kaɗan ne: jerin launuka takwas, iyakar mita 100, wayar ƙasa, manna lamba, da yadda ake duba fitilun rauta a gane inda matsala take. Wannan karatun makonni ne, kuma ana iya yin sa a Sakkwato, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Saitin cikin rauta, wanda shi ne ke buƙatar gwani, ana iya yin sa a birni kafin a aiko da ita, a kuma riƙa duba ta daga nesa.

Don haka kira nake ga ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, da asusun USPF na hukumar NCC wanda aka kafa don irin waɗannan garuruwa, da duk ɗan Gobir da Allah ya hore wa yake son yi wa garinsu abin alheri: kada ku sa hannu a kwangilar da ba ta ƙunshi horar da 'yan gari aƙalla biyu ba, da bar musu filaya da testa da ragowar kwalin kebul, da zanen inda kowace waya ta bi, da kuɗin wata na fiye da shekara ɗaya. Ranar karɓar aiki kuma, kafin a ɗauki hoto, a sa ɗan kwangila ya kankare bakin kebul a gaban kwamiti, sannan ya nuna inda ya kafa sandar ƙasa.